Haƙorin Gwaggo a Buhun Gwamnati

Ranar da aka fitar da Gwaggo daga ɗakinta, ita da kanta ta riƙe ƙafar gado. Wannan shi ya fi ba ta dariya daga baya in ta tuna, irin dariyar nan da ake yi ana girgiza kai. Ba wanda ya ja ta, ba wanda ya tura ta. Har faɗa ta yi wa masu ɗaukar kaya don sun goga katifa da bango.

Dogo ne ya zo mata da maganar, ɗan wanta, wanda ta goya tun bai iya kai loma bakinsa ba. A gari yanzu Ɗan Kwangila ake ce masa, tunda ya samu shiga cikin masu sayar wa gwamnati wake. Gwamnati ta saya a hannun manoma, ta zuba a sito, duk wata ta raba wa tsofaffi da marasa ƙarfi. Dogo ya zo ya durƙusa a gabanta kamar mutumin kirki, ya ce, "Gwaggo, alfarma na zo nema."

"In ka durƙusa haka gabana faɗuwa yake yi," in ji ta. "Faɗi in ji."

Sai ya zayyano. Masu sayen wake sun ce ba sa karɓar kayan da aka ajiye a kan ƙasa, sai ɗaki mai daɓen siminti, mai taga, wanda ba ya yoyo. Duk gidan kuwa, in ka cire nasu, ɗakinta ne kaɗai haka. Ga kuma ofishin tallafi na ɗaukar tsofaffin da ba su da mai kula da su. In ta koma ɗan ɗakin nan na bayan gida, mai ƙofa ta lungu, mai zuwa dubawa zai tarar da tsohuwa ita kaɗai, a sa ta cikin masu karɓa.

"Ɗakin kaji kake nufi."

"Da can ne na kaji, Gwaggo. An share."

"To ni da nake da kai, da wane baki zan ce ba ni da kowa?"

"Faɗa ce kawai. Kwana biyu ne, da an zo an duba, na kai kayan nan, sai ki dawo ɗakinki. Kuma waken nan fa daga gonarmu ya fita. In an ba ki, ai gida ya dawo."

Gwaggo ta juya maganar, ta ga kamar akwai hankali a ciki. Gaskiyar magana ma, daɗi ta ji da aka sako ta cikin dabara. Tsohuwar da aka daina tambayarta ko gishiri ya ji a miya, yau ga ta tsundum a harkar gwamnati. Ta ce to, har da yi masa kashedin kada ya faɗa wa kowa, sai ka ce ita ta kawo shawarar.

Matar Dogo ce ta ɗauki nauyin koyarwa. Ta kwashe zannuwan Gwaggo masu kyau ta kulle a akwatinta, wai kada ɓera ya ci. Ta cire mata 'yan kunne. Ta zaunar da ita a bakin ƙofar ɗakin kajin, ta tsaya a kanta ta maƙale murya irin ta ma'aikata.

"Baba, akwai mai kula da ke?"

"Babu."

"Haba Gwaggo, kin faɗe ta kamar mai korar almajiri. Ki sassauta murya, ki kalli ƙasa. Sake."

"Babu, 'yar nan. Ba ni da kowa sai Allah."

"Yawwa. Amma ki daina murmushi."

Suka yi ta maimaitawa suna dariya, har Gwaggo ta ƙara nata, wani ɗan tari da take sakawa kafin amsa. Da ma'aikaciyar tallafi ta zo, wata yarinya doguwa da rigar aiki da waya a hannu, Gwaggo ta yi abin da ya wuce koyarwa. Ta yi tarin, ta kalli ƙasa, ta ce babu da muryar da ita kanta sai da ta ji tausayin kanta. Yarinyar ta leƙa ɗakin, ta ga gado da buta da tukunya ɗaya, ta ɗauke ta hoto, ta ce Allah ya kawo sauƙi. Tana ɓacewa a kwanar lungu Gwaggo ta miƙe ta ɗan taka rawa. A ranta ta ce ashe basira ce a kwance shekara da shekaru ba wanda ya tono.

Kwana biyun Dogo suka wuce, suka haifi 'ya'ya. An kai kayan farko, an karɓa, an yaba, an ce ya ƙara. Ɗakin da aka ce zai koma fanko ya sake cika kafin Gwaggo ta gama naɗe tabarmarta.

"Bayan wannan zagayen," in ji Dogo.

Aka kuma samo mata aiki, don kada zama ya dame ta. Gwamnati tsabtataccen wake take so, ba tsakuwa, ba wanda ƙwaro ya huda. Kullum da safe matar Dogo za ta shigo ta 'yar ƙofar da ta haɗa ɗakin da cikin gida, ta dire mata wake da faifai da wani tsohon kwano. Mai kyau a buhu, tsakuwa da ruɓaɓɓe a kwano. Da yamma ta zo ta ɗauke kwanon, ta ce akwai ramin da suke cikewa da shi a tsakar gida. Buhun da Dogo ya cika kuma sai a kawo wa Gwaggo ta ɗinke bakinsa da basilla, ta datse zaren da haƙori kamar yadda ta saba tun tana budurwa.

Ba ta ƙi aikin ba. A nan ma ta samu abin da take shafa wa zuciyarta in ƙaryar da ta yi ta taso mata. Takan ce, to na yi ƙarya, amma duk tsohuwar da ta dafa waken nan ba za ta tauna dutse ba, kuma hannuna ne. Da wannan take lallaɓa kanta, tana tsinta tana ƙanƙance ido, har sai waken ya fara yi mata rawa a faifai.

Ranar rabo takan je harabar sito ta bi layi da sauran tsofaffi. A ba ta ɗan buhunta a ɗinke, mai baro ya turo mata har lungu. Buhun ba ya kwana. Dogo zai zo ya saɓa shi a kafaɗa ya mayar cikin na sayarwa, wata mai zuwa gwamnati ta sake sayensa. Gwaggo ta taɓa ce masa waken nan ya fi ta yawon duniya, ya kamata a yi masa katin shaida. Ya yi dariya har da dafa bango. Bai bar mata ko tafin hannu ba.

"Me za ki yi da shi, Gwaggo? Ba ga abinci ana kawo miki daga cikin gida ba?"

Ana kawowa kam. Da farko sau uku, da ɗan nama. Sai matar Dogo ta lura kumatun Gwaggo sun ƙi faɗawa.

"Gwaggo, yarinyar nan fa za ta dawo, kuma hoto take ɗauka. In ta ga kina sheƙi ai mun shiga uku. Mu ɗan rage mai."

Aka rage mai. Nama ya bi mai. Na rana ya haɗe da na dare ya zama ɗaya, shi ma sai an tuna. In Gwaggo ta yi magana, a ce yau gidan a hargitse yake, masu awo sun zo, ko an ɗauka ta ci. Takan kalli hannunta, fata ta saki kamar tsohuwar jaka, ta ce wa kanta, to madalla, kin zama ƙwararriya, yanzu ko tari ba sai kin ƙirƙira ba. Da gaske kuwa, tarin ya zo da kansa tun da ruwan sama ya gano hudojin kwanon rufin. Ta ja gado nan, ta ja can, ta ƙare da kwana a zaune da tukunyarta ɗaya tana tarar ɗiga.

Sai kuma aka toshe 'yar ƙofar. Wani maƙwabci wai ya fara surutu, kuma an ce ofishin tallafi na aiko mutane ba sanarwa. Dogo ya kawo magini ya jera bulo. Yana tsaye yana nuna masa, bai yarda sun haɗa ido da ita ba.

"Na ɗan lokaci ne. Bulo ne, ba siminti sosai. Ranar da za ki dawo, da ƙafa zan ture shi."

"To in ina son shiga gida fa?"

"Ki ɗan daure tukuna. In aka gan ki kina shiga ta ƙofar gaba, magana ta lalace. Mu za mu riƙa zagayowa."

Wake dai bai taɓa mance hanyar zagayowa ba. Kullum da safe yana nan. Abinci ne hanyar ta yi masa nisa.

Ta bayan bulon tana jin gidan kamar rediyon maƙwabta. Ƙarar cokali, dariyar baƙi, ƙamshin suya. Wata rana ta ji Dogo na gaya wa wasu mutane cewa shi ba don riba yake wannan harka ba, tausayin tsofaffi ne ya sa shi, don shi tsohuwa ce ta rene shi. Gwaggo ta ji daɗi fa. Sai da ta kai hannu tana gyara ɗaurin kallabi sannan ta tuna a inda take zaune, ta ce, ke dai an yi sakarar tsohuwa.

A cikin kwanakin nan haƙorinta na gaba ya fita. Dama ya daɗe yana girgiɗi. Ta kama zare za ta datse, sai ta ji abu ya faɗo mata a cinya. Ta ɗauka ta duba. Haƙori ne dogo, rawaya, da wata 'yar tsaga a bakinsa inda zare ya ci shekara da shekaru. Ta yi masa sallama, ta ce ka huta, dama ba abin taunawa, ta jefa shi cikin kwanon tsakuwa. Da yamma matar Dogo ta zo ta ɗauke kwanon.

A layin rabo Gwaggo ta yi ƙawa, wata tsohuwa da ake kira Mai Sanda, mai baki kamar reza. Ita da gaske ba ta da kowa, kuma ba ta kallon ƙasa in tana faɗa. Ranar rabon da ya biyo baya Gwaggo ta tarar an kewaye ta, tana ta masifa.

"Ku zo ku ga abin da gwamnati ke ba mu. Sama wake kamar a ci ɗanye. Ka ci rabi, sai ka iske dutse da ruɓaɓɓe, kai ka ce titi za su yi a cikinmu. Wannan watan har da kyauta aka saka mini."

Ta kwance bakin zaninta ta ɗaga wani abu sama. Tsofaffi suka matso, wasu na dariya, wasu na tofar da yawu.

"Haƙori ne. Haƙorin mutum. Na ce to, sun san namu sun ƙare, sun fara rabo."

Gwaggo ta matsa. Haƙori ne dogo, rawaya, da 'yar tsaga a baki. Harshenta ya tafi da kansa ya taɓa gurbin. Ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Nan take lissafin ya haɗu mata, ba sai an yi mata bayani ba. Babu wani rami a tsakar gida. Kwanon da take cikawa kullum, tsakiyar buhu yake komawa. Mai dubawa bakin buhu yake kwancewa ya tura hannu iya gwiwar hannu, to wanda ta tsince da idonta shi ake zubawa a sama. Ita ce ma mai ɗinke bakin. Duk watannin nan tana zaune tana ware wa Dogo dutse wuri guda don ya ji daɗin aunawa, tana kuma yi wa kanta kirarin mai ceton haƙoran tsofaffi. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ba ni shi," ta ce wa Mai Sanda ta cikin mayafi.

"Me za ki yi da haƙorin wani?"

"Zan nema masa mai shi."

Mai Sanda ta dube ta, ta miƙa mata. Gwaggo ta ƙulle shi a bakin zani.

Ranar ba ta bi mai baro zuwa lungu ba. Ta ƙofar gaba ta shiga, da rana tsaka, kowa na gani. Tsakar gida shafe take da siminti, ba rami ko na tururuwa. Ta wuce kai tsaye ɗakinta. Ta tarar an cire ƙofar katakon an sa ta ƙarfe mai faɗi, an fasa bangon da ke tsakaninsa da ɗakin ajiya an haɗe su, buhuna har rufi. Ƙusar da take rataya madubinta ce kaɗai ta gane, an rataya sikeli a jiki.

Dogo ya fito da sauri yana waige-waige.

"Gwaggo, me ya kawo ki ta nan? Wa ya gan ki?"

Ta kwance ƙullin ta ɗora masa haƙorin a tafin hannu.

"A buhun wata tsohuwa aka same shi. Ka gane shi? Da shi na riƙa tauna maka abinci kafin naka su fito."

Ya duba, ya gane, ya yi saurin mayar mata kamar ya taɓa garwashi.

"Gwaggo, ba ki san harkar nan ba. Wake bushewa yake yi, nauyi ya ragu, su kuma sikeli suka sani. Ga mai kula da sito a ba shi nasa, ga mai dubawa a ba shi nasa. In ban cike ba ni zan faɗi. Kowa haka yake yi, wallahi nawa ma da sauƙi. Kuma kyauta fa ake ba su. Wanda aka ba kyauta ai sai ya ɗan tsince."

"Da wane ido?"

Matar Dogo ta leƙo daga kicin ta ce ai dama tsinta motsa jiki ce ga tsofaffi.

"To na ji," in ji Gwaggo. "Ɗakina fa?"

"Kin dai gani da idonki. An ƙara mana yawan kaya, shekara guda za mu yi muna kaiwa. In abin ya kankama zan gina miki wanda ya fi wannan, da banɗaki a ciki."

"Yaushe?"

"Bayan wannan zagayen." Ya sassauta murya. "Kuma don Allah ki koma ta baya. Gobe yarinyar nan za ta zo sabunta rajista. In magana ta fita, ɗaure ni za a yi, Gwaggo. Ɗanki za a ɗaure."

Ya raka ta har bakin ƙofa, ya leƙa titi hagu da dama tukuna, sannan ya ce ta fita.

Gwaggo ta kwana da shawara ta tashi da ita. Za ta faɗa. Za ta ce wa yarinyar, ga gidanmu nan bayan bulon nan, ina da ɗa, ina da suruka, ina da ɗaki mai taga, ƙarya na yi miki. A cire ta daga tallafi, a mayar da ita gidansu, in ya so duk abin da zai faru ya faru. Har ta jera kalmomin tana maimaitawa, ta ga ashe gaskiya ma sai an yi mata bita.

Ma'aikaciyar ta zo da hantsi. Matar Dogo na tsaye can bakin lungu da bokiti, wai maƙwabciya ce mai wucewa. Yarinyar ta tsuguna, ta dubi Gwaggo, ta dubi hoton da ke cikin wayarta, ta sake dubanta.

"Baba, kin rame da yawa. Kina cin abin da ake ba ki kuwa?"

"Ana ci," in ji Gwaggo. Ba ta faɗi mai cin ba.

"Tambayar da na yi miki wancan karon zan sake. Akwai mai kula da ke? Ɗa, ko jika, ko wani ɗan'uwa da zai ce ke tasa ce?"

Gwaggo ta buɗe baki da niyyar cewa akwai. Ta tsaya nemo wanda za ta ambata. Ta duba bulon, siminti ya bushe a jikinsa tuntuni. Ta tuna yadda ya leƙa titi kafin ya bar ta ta fita. Ta tuna jiya ba a zagayo da komai ba, shekaranjiya ma sai da rana ta faɗi. Ta nemi ƙaryar da za ta janye ta rasa, don ba sauran ƙarya a maganar.

"Babu," ta ce.

Ba ta yi tari ba, ba ta kalli ƙasa ba. Hawaye ne kawai suka zubo, ta bar su, don ba ta da ƙarfin sharewa. Yarinyar ta riƙe hannunta ta daɗe, ta ce za ta yi magana a ofis ko za a ƙara mata wani abu. Ta ɗauki hoto ta tafi.

Matar Dogo ta ajiye bokiti ta ƙaraso da fara'a.

"Kai Gwaggo, yau kin ƙure maleji. Har da hawaye? Ni kaina da na san komai sai da jikina ya yi sanyi. Da haka kika yi tun farko ai da buhu biyu suke ba mu."

"Koyarwarki ce, 'yar nan."

"Bari in kawo miki aikin yau, akwai buhunan da za a ɗinke, gobe mota za ta zo."

"Abinci fa?"

"Au, ba a kawo ba? Yanzu nan."

Buhuna suka riga abinci isowa. Gwaggo ta jawo na farko, ta buɗe bakinsa. Wake ne tas, fari sol, wanda ta tsince da hannunta. Ta kwance bakin zani, ta ɗauko haƙorin, ta dasa shi a sama, daidai inda hannun mai dubawa ke fara sauka.

"Wancan karon a ɓoye ka je," ta ce masa. "Wannan karon ka gaishe su."

Ta zura zare a basilla ta ɗinke bakin buhun tsaf. Da ta zo datsewa ta kai zaren baki kamar kullum, ya wuce ta cikin gurbin bai tarar da kowa ba. Ta yi 'yar dariya, ta bar shi yana reto, ta jawo buhu na biyu.